Idan aka ce akwai bam a jirgi, ina matuƙi zai nufa?

Duk lokacin da labari ya fito cewa an karkatar da jirgin sama saboda barazanar bam, tambaya ɗaya ce ke yawo a bakin mutane: me ya hana shi sauka a filin da ya fi kusa? Wani har ya buɗe taswira a waya, ya auna da yatsa, ya ce ga gari nan a ƙarƙashinsu amma matuƙin ya wuce, lallai da lauje cikin naɗi. Ni da na ci ƙuruciyata a ɗakin tsara tafiyar jirage, aikin da ake ce wa mai yinsa disfaca, wannan magana tana damuna. Tana ɗora wa matuƙi laifin da ba nasa ba, tana kuma ɗauke hankalin mutane daga inda ya kamata su duba, wato ƙasa. Abin da ke jiran jirgi a ƙasa shi ke zaɓen fili. Kusanci ɗaya ne daga cikin abubuwan da ake aunawa, kuma sau da yawa ba shi ne a gaba ba.

Akwai tambayar da nake yi wa sababbin ma'aikata idan aka turo mini su koyon aiki. Nakan ce musu: jirgi ƙirar Boeing 737 ya taso daga Legas zai je Kano, ƙarfe takwas na dare, watan Janairu. Ya kai saitin Bida, yana sama da ƙafa 35,000, sai ma'aikaciyar jirgi ta tsinci takarda a banɗaki an rubuta cewa akwai bam. Ina za ku kai shi? Kafin in rufe baki sai ka ji sun haɗa murya: "Oga, Minna!" Gaskiyarsu ta fuska ɗaya, domin daga Bida zuwa Minna ko kilomita 100 ba a yi ba. Sai in ce to madalla, ku sauko mini da shi. A nan ake yin shiru.

Jirgi ba ya faɗowa kamar dutse. Ƙa'idar da kowane matuƙi ya haddace ita ce, duk ƙafa 1,000 da zai sauko yana buƙatar tafiyar mil 3 na lissafin jiragen sama. Daga ƙafa 35,000 ke nan sai ya ci kusan kilomita 190 kafin taya ta taɓa kwalta, minti 20 zuwa 25. Ana iya matsawa a sauko da sauri fiye da haka, amma da iyaka. Wanda ya ce Minna, zai isa saman garin yana can ƙololuwa, sai ya yi ta kewaye yana rage tsawo. A cikin waɗannan mintocin da zai ɓata yana zagaye, da ya miƙe kai tsaye ya isa Abuja, wadda ke kimanin kilomita 140 daga Bida. Lokacin ɗaya ne. Mu da minti muke auna nisa, taswira kuwa da kilomita take aunawa, shi ya sa mai waya a hannu yake ganin kamar an yi masa rufa-rufa.

Daga nan sai in jero musu sauran tambayoyin. Kun duba sanarwar yau ta filin Minna, a buɗe yake a wannan sa'ar? An kunna fitilun titin sauka? Akwai mutum a hasumiya? 'Yan kwana-kwana suna bakin aiki ko sun tashi? Idan ya sauka, akwai matakalar da za a jingina wa ƙofar 737? Kano fa, tunda can za shi, mene ne rahoton hazo? Duk wanda ya yi aikin jirgi a Arewa ya san abin da hunturu yake yi mana: ranar da ƙura ta taso daga Sahara, sai nisan gani ya faɗi ƙasa da abin da doka ta yarda a sauka da shi, fili yana buɗe a takarda amma a rufe yake ga matuƙi. Mutum ba zai ɗauki jirgin da ake zargin akwai bam a ciki ya kai shi inda wataƙila sai ya gwada sauka sau biyu ba.

Waɗannan amsoshi ba a sama ake fara neman su ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin fasinja na farko ya hau, disfaca ya riga ya haɗa takardar tafiya: ga hanya, ga man da za a sha, ga filin da za a koma idan na gaba ya ƙi, ga filayen da ke gefen hanya da halin da kowanne yake ciki a daren. Doka ta tilasta a ɗauki man zuwa, da man ƙarasawa fili na biyu, da wani na ajiya na minti 30 wanda ba a taɓa shi sai rai ya yi halinsa. Kamfanonin da suka san abin da suke yi suna da jerin filaye na kowane nau'in jirginsu, an raba su: wanda za a iya zuwa kowane lokaci, wanda sai da sharaɗi, da wanda sai in wuta ce ta kama. Idan barazana ta zo, kyaftin ba ya ƙirƙirar komai, daga cikin abin da aka tanada yake zaɓa.

Ba kuma kowace barazana ce ke juya akalar jirgi ba. Da haka ne, da duk mai jin haushin wani kamfani ya tsayar da shi da kiran waya ɗaya. Akwai mutanen da aka horar musamman don auna maganar. Sukan duba ko mai barazanar ya faɗi lambar jirgin da ranar, ko ya ambaci abin da ɗan waje ba zai sani ba, ko ya siffanta inda abin yake, ko kuwa saƙo ɗaya ne aka watsa wa kamfanoni goma. A tsarin da ya fi yaɗuwa, sukan ba ta launi: kore idan ba ta da tushe, ruwan ɗorawa idan da shakka, ja idan ta yi kama da gaske. Sakamakon yakan isa ɗakin matuƙa ta rubutaccen saƙo na na'ura ko ta wayar tauraron ɗan Adam. Amma kalmar ƙarshe ta kyaftin ce. Ko kamfani ya ce kore, idan shi ya ga abin da bai kwanta masa ba, zai sauka, kuma ban taɓa ganin laifin wanda ya yi hakan ba. Shi ke ɗauke da rayukan, mu muna zaune kan kujera a ƙasa.

Da ya yanke shawara sai ya shaida wa masu ba jirage hanya, waɗanda a nan Najeriya ma'aikatan NAMA ne, hukumar kula da sararin samaniyar ƙasa, da manyan cibiyoyinsu a Kano da Legas. Akwai lambobi da yake sakawa a na'urar da ke bayyana jirgi ga rada: 7700 na nufin gaggawa kowace iri, 7600 rediyo ya mutu, 7500 kuwa an yi fashin jirgin. Da lambar ta haska a allonsu, sai a share masa hanya.

Sai maganar nauyi, wadda fasinja bai cika saninta ba. Jirgi yana iya tashi da nauyin da bai kamata ya sauka da shi ba. Boeing 777-300ER, irin waɗanda ke zuwa mana daga ƙetare, yana iya tashi da kusan tan 351, amma iyakar saukarsa kusan tan 251 ne. Tazarar tan 100 ke nan, kuma kusan duk mai ne. Irinsa yana da bututun zubar da mai a sama, sai dai zubarwar ma tana cin lokaci. Ƙananan da muke hawa tsakanin Abuja da Legas, 737 da A320, ba su da wannan bututun sam. Idan barazana ta zo jim kaɗan bayan tashi, kyaftin zai auna: in tsaya ina rage mai alhali ban san ko agogo ne ke tafiya a cikin wata jaka ba, ko in sauka da nauyina? Doka ta ba shi damar sauka da nauyin idan ya ga hakan ya fi aminci, injiniyoyi su duba jirgin daga baya. To amma jirgi mai nauyi da gudu yake shigowa, birki yana ɗaukar zafi, yana son dogon titi. Wannan kaɗai ya isa ya fitar da ƙananan filaye da yawa daga lissafi. Filin Yakubu Gowon da ke Heipang kusa da Jos, misali, yana kan tudun da ya kai kusan mita 1,290. Iskar can ba ta da kauri, don haka jirgi yakan taɓa ƙasa da gudun da ya fi wanda zai yi a Legas, ya kuma ci titi fiye da can. Ba aibu ba ne ga Jos, lissafi ne da dole a yi kafin a ambaci sunanta.

Akwai kuma dalilin da ya sa za ka ji jirgin ya sauko ƙasa-ƙasa tun da sauran tafiya. A can sama ana cusa iska a cikin jirgi don mutane su yi numfashi, ciki yana matsayin kamar kana kan tsaunin ƙafa 6,000 zuwa 8,000, waje kuwa iska ta yi ƙaranci ƙwarai. Wannan bambancin yana tura jikin jirgin waje da ƙarfi, kuma shi ke mayar da ƙaramar fashewa babbar ɓarna. Idan aka sauko, bambancin ya ragu. A ranar 2 ga Fabrairun 2016 wani ya tayar da bam da aka ɓoye cikin kwamfutar tafi-da-gidanka a jirgin Daallo da ya tashi daga Mogadishu. Jirgin bai kai ƙololuwa ba tukuna. Gefensa ya huje, mai bam ɗin shi kaɗai ya mutu, matuƙin ya juya ya sauka a Mogadishu da sauran mutanensa. Sai dai saukowa tana da farashi, domin a ƙasa-ƙasa jirgi ya fi zuƙar mai, filin da ɗazu yake cikin ikonka yanzu ya yi maka nisa. Kowace shawara a wannan aiki tana taɓa 'yar'uwarta.

Yanzu ga abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Saukar ba ita ce ƙarshen matsala ba, rabinta ce. Jirgin da ake zargi ba a kai shi bakin ginin fasinja. Ƙa'idar Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, ta ce kowane fili ya ware wurin ajiye irin wannan jirgi, nesa da sauran jirage da gine-gine da aƙalla mita 100, a kuma kula kada ya zama kan bututun mai ko wayoyin lantarki na ƙarƙashin ƙasa. A wannan keɓaɓɓen wuri babu gadar shiga gini, don haka sai an turo matakala da motocin kwasar mutane. Idan babu, sai a buɗe robobin zamiya, waɗanda ake hurawa a ƙofar jirgi mutane su sulalo ƙasa, kuma kusan duk lokacin da aka kwashe ɗaruruwan mutane ta wannan hanya sai an sami mai targaɗe ko karaya, musamman tsofaffi. A Disambar 2015 jirgin Air France da ya taso daga Moris zuwa Paris da mutum 473 ya karkata zuwa Mombasa ta Kenya cikin dare bayan an ga wani abu a banɗaki, ta robobin aka fitar da kowa. Da aka bincika, kwali ne da takarda da agogon kicin. Babu wanda zai iya sanin haka daga ɗakin matuƙa.

Kowane fili kuma yana da daraja ta kashe gobara, daga 1 zuwa 10, gwargwadon motoci da ruwa da kumfar da yake da su. 737-800 yana son daraja ta 7, 777-300ER ta 9. Ana so motar farko ta isa ko'ina a kan titin cikin minti 3. Bayan su sai 'yan sanda masu kwance bam, da karnuka masu sunsuna, da wurin da za a tsare fasinja a sake bincikar kowa da kayansa ɗaya bayan ɗaya, da asibitin da zai iya karɓar mutane da yawa a lokaci guda idan abin ya zama gaske. Filin da ba shi da waɗannan, ko titinsa ya kai daga nan zuwa Gwagwalada, bai cika masauki ba.

Sai dai kada a ɗauka cewa fili mafi girma shi ne amsa. Direban tankar mai da ya ga hayaƙi na tashi a bayansa ba ya shiga tasha da ita, bayan gari yake nufa. Birtaniya ta daɗe da gane wannan. Jirgin da aka yi fashinsa ko ake zarginsa a sararinta, ba Heathrow ake so ya je ba, Stansted ake kai shi a arewa maso gabashin Landan, ko Prestwick a Sikotilan. Stansted yana da wani ɓangare can nesa da ginin fasinja, 'yan sandan yankin kuma sun saba da atisayen wannan aiki. A Fabrairun 2000 can aka kai jirgin Ariana na Afganistan da aka sace, aka shafe kwanaki ana tattaunawa, aka gama ba a rasa rai ba. Haka ranar 11 ga Satumban 2001, da Amurka ta rufe sararinta, Kanada ta karɓi jiragen da ke kan teku amma ta yi ƙoƙarin kawar da su daga manyan biranenta, domin babu wanda ya san ko da sauran mahara a ciki. Ƙaramin garin Gander mai mutum kusan 10,000 ya karɓi jirage 38 da baƙi sama da 6,000, saboda yana da dogon titi kuma ba shi da cunkoson jama'a.

Duk wannan idan zaɓin yana hannun matuƙi ke nan. Idan mutum ne tsaye a kansa da makami, abin da ya rage masa guda ne, wato mai. Mu 'yan Najeriya mun ga wannan da idonmu. Ranar 25 ga Oktoban 1993, ana tsakiyar rikicin soke zaɓen 12 ga Yuni, wasu samari huɗu suka ƙwace jirgin Nigeria Airways ƙirar Airbus A310 da ya taso daga Legas zuwa nan Abuja. Frankfurt suke so a Jamus. Jirgin da aka sha wa man tafiyar awa ɗaya ba zai ƙetare Sahara da Bahar Rum ba, sai aka sauka a Yamai. Can aka yi kwana uku, aka saki akasarin mutane, daga ƙarshe jami'an tsaron Nijar suka kutsa, ma'aikacin jirgi ɗaya ya rasu. Allah ya jiƙan rai. Yamai ba ta cikin tsarin kowa a safiyar ranar, tankin mai ne ya nuna ta.

Na Habasha ya fi ciwo, kuma har yau idan na tuna sai jikina ya yi sanyi. Ranar 23 ga Nuwamban 1996, jirgin Ethiopian ƙirar Boeing 767 ya tashi daga Addis Ababa, zai bi ta Nairobi da Brazzaville da Legas ya ƙare a Abidjan, da 'yan Najeriya a ciki. Mutum uku suka ce sai Ostireliya. Kyaftin Leul Abate ya rantse musu man ba zai kai ba, suka ƙi yarda. Sai ya riƙa bin gaɓar tekun Afirka don kada ya yi nisa da filaye, da suka lura suka tilasta masa shiga teku, ya karkata zuwa tsibiran Komoros inda ya san akwai titi. Mai ya ƙare kafin su kai. Ya sauke shi a ruwa kusa da gaɓa, mutum 125 cikin 175 suka rasu, da yawansu saboda sun hura rigar ruwa tun suna ciki, ruwa ya danna su sama suka kasa fita. Wannan mutum, da gatari a kansa, bai daina lissafin fili ba har injin na ƙarshe ya mutu. Tun bayan 2001 an ƙarfafa ƙofar ɗakin matuƙa, umarnin kuma shi ne ba a buɗe ta ko me ke faruwa a baya, domin zaɓin masauki ya zauna a hannun matuƙa.

Akwai wata hanyar ƙwace zaɓin da ba ta buƙatar gatari, ita ce ta fi ba ni tsoro a matsayina na tsohon disfaca. Ranar 23 ga Mayun 2021 jirgin Ryanair ya taso daga Athens ta Girka zuwa Vilnius ta Lituweniya. Yana dab da fita daga sararin Belarus sai mai ba da hanya ya ce wa matuƙan akwai bam, za a tayar da shi a saman Vilnius, launin ja ne, shawara su zo Minsk, babban birnin Belarus. Alhali Vilnius ta fi Minsk kusa da su ƙwarai. Matuƙan sun yi ta tambaya daga ina labarin ya fito, sun nemi kamfaninsu ba su samu ba, suka juya. Da suka sauka aka kama ɗan jarida mai adawa Roman Protasevich da abokiyar tafiyarsa. A Yulin 2022 majalisar ICAO ta tabbatar cewa barazanar ƙarya ce da gangan, kuma da umarnin manyan jami'an Belarus aka isar da ita. Ba na ganin laifin matuƙan ko kaɗan. An raine mu duka a kan cewa muryar da ke rediyo ba ta yi maka ƙarya. Abin da na ɗauka daga wannan lamari shi ne, kamfanin da ya bar jirginsa ba tare da hanyar samun ɗakin aiki a kowane minti ba, ya bar kyaftin ɗinsa da kunne ɗaya.

Doka ma tana shiga, musamman idan barazanar mutum ce mai rai, mai ihu ko duka ko yunƙurin ɓalle ƙofa. Yarjejeniyar Tokyo ta 1963 ta ba kyaftin ikon ɗaure fasinja da miƙa shi ga hukuma, amma ƙasar da jirgin ke da rajista ita ke da hurumin shari'a, don haka sau da yawa sai a sauka a wata ƙasa 'yan sanda su ce ba ruwansu, su sallame shi. An toshe wannan gurbi da gyaran Montreal na 2014, wanda ya ba ƙasar da aka sauka hurumi. Yana buƙatar ƙasashe 22 kafin ya fara aiki, Najeriya ce ta 22, ya kuma fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020. Ina alfahari da wannan.

Wata 'yar ƙanwata da ke yawan tafiya ta taɓa tare ni da cewa, "Kawu, abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba sa gaya mana gaskiya, sai su ce wai dalilin aiki." Na ce mata, 'yata, ki yi tunanin mutum 180 a cikin bututun ƙarfe an ce musu bam. Rabinsu za su miƙe, wasu su ruga gaba wasu baya, kuma wataƙila mai abin yana zaune cikinsu yana sauraro. Abin da ake so daga gare ki shi ne ki zauna, ki ɗaura bel, in kin ga abin da bai kwanta miki ba ki faɗa wa ma'aikaciya a hankali ba tare da kin taɓa shi ba, in an ce a fita ki bar jakarki. Ana gwada kowane nau'in babban jirgin fasinja a kan cewa za a iya kwashe shi cikin daƙiƙa 90 da rabin ƙofofinsa, mai tsayawa ciro akwati kuwa daƙiƙun wanda ke bayansa yake ci.

Masu barazanar ƙarya kuma, ban san da wace kalma zan kira su ba. A Oktoban 2024 an yi wa kamfanonin Indiya ruwan irin waɗannan saƙonni ta intanet. Ɗaya ya sa jirgin Air India mai zuwa Chicago daga Delhi ya sauka a Iqaluit, wani ƙaramin gari a can ƙuryar arewacin Kanada mai tsananin sanyi, da mutum 211. A wannan yanki babu wani zaɓi mai yawa, titin da zai ɗauki 777 shi ne magana. Garin ba shi da masaukin da zai ɗauke su, sai da jirgin sojan saman Kanada ya zo ya kwashe su. Ba a sami komai ba. A cikinsu akwai jarirai da masu shan magani a kan lokaci. Wanda ke yin wannan da sunan wasa, ko a layin bincike a filinmu ya ce wa jami'i "bam ne a ciki" don a yi dariya, laifi yake aikatawa a doka, kuma ya cancanci abin da zai biyo baya.

Daga gidana a Lugbe, kusa da filin jirgin Abuja, ina jin jiragen dare suna wucewa, kuma har yanzu kaina bai daina tsohon lissafin ba. Filin Nnamdi Azikiwe titi ɗaya gare shi. Jirgin da ya tsaya a kansa aka buɗe masa robobin zamiya ya rufe babban birnin tarayya ga duk wani jirgi har sai an janye shi, waɗanda ke sama a lokacin kuma kowanne sai ya nemi inda zai dosa da ɗan man da ya rage masa. Mun ɗanɗana rashin wannan titi a 2017, lokacin da aka rufe shi mako shida daga 8 ga Maris don gyara, aka mayar da zirga-zirga Kaduna. Manyan kamfanonin Turai suka ce ba za su je ba, Ethiopian ne ya je. Mutane sun ji zafin haka, ni ma na ji, amma na san irin takardar da suka cike kafin su ƙi: titi, fitilu, kashe gobara, tsaro, da hanyar mota ta kusan kilomita 190 da fasinja zai bi. Da 'yan bindiga suka kai hari ta gefen filin Kaduna a Maris na 2022, kowane ɗakin tsara tafiya da ke da sunan Kaduna a jerinsa ya rubuta abin a gefe, kuma irin wannan rubutu ba ya gogewa da wuri.

Wanda ya tashi daga nan zuwa Turai da dare, da ya wuce Kano filayen da za su ɗauki babban jirgi sai su yi ƙaranci: Yamai, Njamena, sai can Tamanrasset a kudancin Aljeriya. Da Nijar ta rufe sararinta a Agustan 2023 bayan juyin mulki, jirage suka koma zagaye, jerin ya sake raguwa. Wannan ba a hannunmu yake ba. Abin da ke hannunmu shi ne na gida. Da yawa daga filayen jihohinmu da faɗuwar rana suke rufewa, alhali manyan jiragen ƙetare da dare suka fi tashi. An daɗe ana maganar titi na biyu a Abuja, ina fatan in gan shi da raina. Kafin nan, roƙona ga FAAN mai kula da filayen jiragen sama, da NAMA, da NCAA mai sa ido kan harkar sufurin sama, shi ne a ɗauki ko da fili ɗaya cikin Kaduna da Minna da Jos a tsaya masa tsayin daka: fitilu da janareto da ba sa ɗaukewa, mutum a hasumiya dare da rana, 'yan kwana-kwana da darajarsu ta kai ta babban jirgi, matakala mai tsawon ƙofar 777, keɓaɓɓen wurin ajiya da aka shata, da atisaye tare da masu kwance bam aƙalla sau ɗaya a shekara. A kuma wallafa shi a sanarwar da matuƙa ke karantawa, domin abin da ba a rubuta a can ba, disfaca ba zai sa shi a takardar tafiya ba.